Farin Zobe a Gindin Inabi

Ranar sunan 'yar ɗana Kabiru ina zaune a zaure, na jingina da bango kamar mai gyangyaɗi, sai na ji ɗaya daga cikinku yana ba baƙi labarin gonar inabina. Ba zan faɗi sunansa ba, ya san kansa. Cewa ya yi ai da Baba ya yi nisa a noman inabi, Fulani ne suka yi wa gonar asiri ta ƙone ƙurmus. Baƙi suka yi ta girgiza kai suna Allah wadai. Ni kuwa goron da ke bakina ya koma kamar ƙasa. Ashe ƙaryar da na shuka da bakina ta yi tsiro a cikin gidana, har jikokina za su tashi su tarar da ita. Shi ya sa na sa aka sayo mini wannan littafin rubutu. Ku karanta da kyau, don waccan shekarar ita ce wadda na fi jin kunyarta a duk rayuwata, kuma ban taɓa ba ku labarinta yadda take ba.

Gonar da ake magana ita ce ta hanyar Balan, wadda babana ya gada daga nasa uban, mutumin da ya taso daga Barno da jaki biyu ya zauna a ƙasar Gaya. Jigawa ce, amma mai duhu. In aka yi ruwan farko ka tura hannu a cikinta sai ya shige har wuyan hannu, ƙamshi ya taso maka, tana ta fito tana miƙa. Akwai gawo uku a tsakiyarta. Ba mu taɓa sanin buhun taki ba a zamanin babana, saboda akwai wata al'ada tsakaninmu da gidan wani Bafillatani tun kakanni. Da an gama girbi an kai amfani gida, sai su kawo shanunsu su kwana a gonar har zuwa bazara. Suna matsar da makwancin daga wannan kusurwa zuwa waccan, yadda ko'ina zai samu rabonsa na kashi da fitsari. Shanu su ci kara da harawar da ta rage da 'ya'yan gawo, mu mu ba su dammunan gero, su aiko mana da nono da man shanu. Babu takarda, babu shaida. Magajin wannan gida a zamanina shi ne Buba, sa'ana ne, tare muka yi wasan ƙasa a gindin gawon nan.

Kun san Babarbare da Bafillatani ba sa haɗuwa a rabu lafiya. Shekara hamsin da wani abu Buba bai taɓa kirana da girmamawa ba, ni ma ban taɓa raga masa ba. Ko a tsakiyar kasuwar Ajingi ya hango ni sai ya ɗaga sanda.

"Modu bawana! Ka share wa shanun ubangidanka wurin kwana?"

"Kai ɗan daji, wanda ya ci geron mutum ai shi ne bawa. Zo ka durƙusa ka gaishe ni."

"Wa zai durƙusa wa Babarbare? Kakanka ma da ƙwaryar nono ɗaya muka saye shi, har aka ba mu canji."

Haka muke, mutane su yi ta dariya. Ranar da babana ya rasu Buba ne ya shiga kabari tare da ni muka karɓi gawa.

Inabi kuwa bayan na dawo daga Makka ya shiga raina. Na raka wani abokina can wajen Zariya, muka shiga gonar wani mutum, na ga rumfuna jere, nonnan inabi na reto a kanmu kamar an rataya su da hannu. Wallahi tsayawa na yi baki buɗe. Na ce wannan a ƙasar Hausa? Tun a mota na gama yanke shawara. Ba yunwa ce ta kai ni ba, gero da gyaɗa suna riƙe da gidan nan lafiya lau. So nake a nuna ni a ce ga wanda ya noma abin da ba a taɓa nomawa ba a nan. Da labari ya bazu, 'yan majalisarmu ta bakin masallaci suka samu abin yi, kullum sai wani ya ce Alhaji Modu zai buɗe mana gidan giya a Gaya. Sai da na je wajen liman ya gaya musu cewa inabi abinci ne halal, matse shi a bar shi ya zama abin maye shi ne haram. Tsokanar nan ba ta rage mini komai ba, sai ma ƙara mini taurin kai da ta yi. Na sa aka haƙa rijiyar burtsatse a gonar, aka kafa turaku, aka ja waya, aka shimfiɗa siraran tiyo masu ɗiga ruwa a gindin kowane dashe. Aka ce inabi ba ya son inuwa, na sa gatari a gindin gawo uku da suka girmi babana. Daga ƙarshe na zagaye gonar da waya mai ƙaya, na sa ƙofar ƙarfe da kwaɗo.

Da kaka ta yi, Buba ya zo da shanunsa kamar kullum, ya tarar da ƙofa. Ya daɗe yana kallon kututturan gawon nan kafin ya yi magana.

"Bawana, wa ka kulle a ciki? Ko ƙasar ce ka ji tsoron ta gudu?"

"Buba, zamani ya canja. Wannan ba gonar gero ba ce. Saniya ɗaya ta shiga nan ta gama da ni."

"To ka bar mana gefen gabas, inda ba ka dasa komai ba. Ko ka bari yara su riƙa kawo maka taki a mangala."

"Takinku ciyawa yake kawowa. Ina da na buhu, mai tsabta."

Ya yi dariya, amma ba irin wadda na sani ba. Ya juya shanunsa, sannan ya waiwayo.

"Modu, ƙasa ba ta da baki, amma tana magana. Wannan za ta yi maka magana wata rana."

Na ce masa in ta yi zan aiko ya zo ya fassara mini, tunda shi ya iya yaren dabbobi. Ya koma da shanun can bayan gari, inda babu kara sai ƙaya.

Shekara biyun farko kam na sha kallo. Inabi ya hau rumfa ya yi shar, ya yi 'ya'ya, mutane suna zuwa daga Ajingi da Kano suna ɗaukar hoto. Ni kuma na mai da gonar kamar tsakar gidan amarya. Ko ɗan tsiron ciyawa na gani sai na sa feshi. Ganyen da ya zubo da rassan da aka datse, a tara a ƙone. Gara ta yi gini a gindin turke, na zuba mata magani. Takin kamfa da yuriya kuwa ba na awo, ina ganin wanda ya ci da yawa shi ke ƙiba. Innarku ce kaɗai ta taɓa kawo mini wata magana. Lokacin famfon unguwa ya lalace, ana ɗebo mata ruwa daga rijiyar gonar a jarka. Wata rana ta ajiye mini kwanon wake da shinkafa ta tsaya.

"Malam, ruwan gonar nan naka da magana. Waken nan ko ƙwayar kanwa ban sa ba, ka ga yadda ya yi luguf. Jiya ma kuɓewa ta yi ta yauƙi kamar na zuba mata."

"To ba shi ke nan ba? Kin samu kanwa kyauta, sai ki gode mini."

Na yi dariyata na cinye wakena. Ita ma ba ta ƙara tayar da maganar ba, kun san halinta, sau ɗaya take faɗa.

A shekara ta uku, da rani ya tsaya, sai gefen ganye ya fara ƙonewa kamar an bi shi da ashana. Na ƙara ruwa. Ruwan ya riƙa kwanciya a sama ba ya shiga. Na ƙara taki. 'Ya'yan da suka fito suka tsaya ƙanana kamar na magarya, suka yanƙwane tun ba su nuna ba. Wata safiya na shiga gonar na sunkuya a gindin wata kurangar inabi, sai na ga wani farin abu kamar gari ya zagaye ta. Zobe ne sosai, kamar an sa kwano an zana. Na duba ta kusa da ita, akwai. Na bi layi ina gudu ina dubawa, babba da ni, hula ta faɗi ban tsaya ɗauka ba. Kowace kuranga da zobenta, babu wadda aka tsallake. Na share na layi guda da tafin ƙafa, bayan kwana uku na dawo na tarar ya koma yadda yake. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, don a ganina babu abin da zai yi wannan zane sai hannun mutum.

Na kira mutum biyu daga majalisa suka zo suka gani. Ɗaya ya ja da baya yana salati, ya ce kada in taɓa da hannu, wannan barbaɗe ne. Ɗayan ya tambaye ni ko akwai wanda muka yi sa-in-sa da shi a kan gonar. Sai maganar Buba ta faɗo mini a rai kamar jifa: za ta yi maka magana wata rana. Ku ji fa, ni da na yi karatun allo na sauke, na je Makka, na san mutumin nan tun ba mu da wando. Ban tambayi kaina yadda zai tsallake waya mai ƙaya ya zagaye ɗaruruwan kurangu ba tare da ya bar sawu ba. Ban ɗanɗana abin ba, saboda an ce kada in taɓa. Zuciyata ce ke neman wanda za ta ɗora wa laifi, don ba ta yarda ta ɗora wa mai ita ba. Innarku ta riƙe mini riga a bakin ƙofa ta ce in bari a kwana biyu. Na fizge na tafi gidan dagaci.

Aka aika wa Buba ya zo da hantsi. Mutane sun cika ƙofar gidan, don labari ya riga shi isowa. Ya shigo da fara'arsa, ya gai da dagaci, ya juyo gare ni.

"Me bawan nan nawa ya sata kuma aka kira ni in yi belinsa?"

Babu wanda ya yi dariya. Dagaci ya gaya masa abin da nake zarginsa da shi. Ina kallon fuskarsa lokacin. Murmushin bai tafi gaba ɗaya ba, sai da ya ɗan jira, yana duban idona, yana sauraron in fashe da dariya in ce wasa ne. Ban ce ba.

"Modu, da gaske kake?"

"Kai ka ce gonar za ta yi mini magana. Ga shi ta yi. In ba hannunka, ka dafa Alƙur'ani."

Dagaci ya ce, "Alhaji, rantsuwa ba abin wasa ba ce. Ku mutanen juna ne tun iyaye. A bar maganar nan a cikin zaure."

"Ranka ya daɗe, a gaban jama'a nake so."

Buba ya nemi buta ya yi alwala a hankali, kamar mai shirin sallar Idi. Ya cire takalmansa. Ya ajiye sandarsa a ƙasa, sandar da ban taɓa ganinsa ba ita ba. Ya tsaya a rana ya dafa Alƙur'ani ya rantse cewa bai taɓa nufin gonata ko ni da sharri ba, da hannu ko da baki ko da aike. Muryarsa ba ta yi rawa ba. Da ya gama ya sa takalmansa, ya ɗauki sandarsa, ya ɗan rusuna a gabana yadda baƙo ke yi wa mai gari.

"Alhaji, ranka ya daɗe, in an gama da ni zan koma wajen dabbobi."

Alhaji. Da ya zage ni ta uwa ta uba da ya fi mini sauƙi. Na tsaya kamar an dasa ni, har ya sha kwana. Duk da haka shaiɗan bai sake ni ba. Mutane suka ce a jira kwana bakwai a ga abin da rantsuwa za ta yi masa. Kwana bakwai suka wuce yana nan garau, sai aka koma cewa ai Fulani suna da makarin rantsuwa. Matan garin suka daina sayen nonon matarsa. Aka fara korar yaransa daga bakin rijiya. Ban sa a yi ba, amma ban hana ba. Ba a rufa sati biyu ba na ji an ce Buba zai tashi da rugarsa ya koma ƙasar Ajingi.

Burtalin da za su bi ya ratsa ta gefen gonata. Ranar ina ciki, na buɗe ƙofa saboda a-daidaita-sahun da ya kawo mini wasu buhunan taki, don har lokacin ina ganin ƙari shi ne magani. Na hango ƙura, na ji kukan maruƙa, ga mata a kan jakuna da ƙore a ɗaure. Na juya baya don kada mu haɗa ido. Sai wata tsohuwar saniya mai karyayyen ƙaho, wadda ta saba kwana a gonar tun tana maraƙa, ta ware daga garke ta nufo ƙofar kai tsaye. Sauran suka biyo ta. Kafin in kai ga ƙofa shanu sun fi ashirin a cikin inabina. Na ɗauki wani guntun turke na yi kansu ina ihu, ina cewa shi ke nan, abin da asiri ya rage shanu za su ƙarasa.

Sai na tsaya da turken a sama.

Ko saniya ɗaya ba ta ɗaga kai ta kalli ganye ba. Rani ne fa, ba ɗanyen abu ko'ina a daji, ga sauran koren ganye yana taɓa musu ƙaho. Duk sun duƙufa ƙasa. Kowace ta samu gindin kuranga tana lasar farin zoben nan, suna ture juna, har da masu gurfanawa a gwiwa. Ba ka jin komai sai ƙarar harsunansu a kan busasshiyar ƙasa, kamar ana kankare tukunya. Na san wannan lasar. Duk wanda ya tashi kusa da shanu ya san abin da suke yi wa haka.

Buba ya shigo a hankali ya tsaya nesa da ni kaɗan. Ya kalli shanunsa. Ya sunkuya ya dangwali farin abin da yatsa, abin da ni mai gonar na kasa yi, ya sa a harshe, ya tofar.

"Kanwa ce, Alhaji."

Ya dubi shanun, ya ƙara da cewa:

"Da gishirin takin buhu a ciki. A taimaka a buɗe ƙofar sosai in fitar da su, kada ya kashe mini dabbobi."

Na durƙusa na dangwala na sa a bakina. Kanwa. Ɗanɗanon da na sani tun ina yaro a kunun kanwa na kakata. Nan take kwanon waken innarku ya dawo mini, da dariyar da na yi. Na zauna daɓas a cikin kashin shanu. Ina ji yana kiran dabbobinsa da sunayensu ɗaya bayan ɗaya, suna fita. Na buɗe baki in kira shi, ban san da wane suna zan kira shi ba. Shi ya ja mini ƙofar ya rufe da hannunsa.

Da na dawo hayyacina na ɗauki fartanya na sara gindin wata kuranga. Fartanyar ta yi tsalle kamar na sari daɓe. Sai da na sa diga. Na haƙa har gwiwa ban ga tana ko ɗaya ba, ban ga gara ba, ban ga ko ɗan ƙwaro ba. Na ɗebo ƙasar na shinshina, ba ta ƙamshin komai. Saiwoyin sun yi baƙi sun dunƙule wuri guda. Ƙasar da kakana da babana da shanun gidan su Buba suka yi shekara da shekaru suna ginawa, ni na kashe ta a shekara uku, kuma ina tsaye a kanta kullum ban sani ba. Na koma gida da ƙasar a aljihu na zube ta a gaban innarku. Ta taɓa a harshe, ta dube ni.

"Malam, na gaya maka. Ka ce na samu kyauta."

Ta tashi ta shiga ɗaki. Na ji tana kuka, kuma na san ba don inabi take yi ba. Matar Buba ce ta yi mata wankan jego na haihuwar fari, lokacin da tata uwar ba ta da lafiya.

'Yar uwarku Zainab tana karatun aikin gona a jami'a a lokacin. Ta zo ta ɗebi ruwan a kwalba da ƙasar a leda ta tafi da su, ta dawo ta zaunar da ni kamar ɗalibi. Ta ce ruwan rijiyar yana da kanwa tun daga ƙasa. Tiyo yana ɗigo shi wuri ɗaya kullum, laima ta bazu ta yi da'ira, rana ta shanye ruwan ta bar kanwar a bakin da'irar. Zoben ke nan. Takin da nake zubawa ba awo ya ƙara gishiri a kai. Da akwai kashin shanu da ruɓaɓɓen ganye da saiwar ciyawa, da ƙasar ta yi laushi, ruwan damina ya wanke wani abu ya yi ƙasa da shi, kuma da na ga alama da wuri. Ni kuwa na share komai na ƙone. Sannan ta ciro waya ta nuna mini gonakin inabi na ƙasashen Turawa, na masu yin giya da shi. Na ce ta kawar mini da wannan. Ta ce in dai duba ƙasa, ban da kwalba. Na duba. Ciyawa ce kore shar tsakanin layuka, an bar ta da gangan. Ga tumaki an sako suna kiwo a gindin inabi suna zuba kashi. Ga wani tsoho ya ɗebo ƙasa a tafin hannu yana shinshinawa, yana nuna tana yana murna kamar an yi masa haihuwa.

"Baba, su cewa suke daɗin abin nasu daga ƙasa yake fitowa. Da yawansu sun bar feshi sun koma kiwo a gona. Abin da Baffa Buba yake yi mana ne."

Wannan ma wani mari ne. Mutanen da aka yi ta tsokanata da su, masu haɗa abin da Allah ya haramta, sun san haƙƙin ƙasa, ni mai zuwa sahun gaba a masallaci na kori Buba da kwaɗo.

Na je ƙasar Ajingi na nemo rugar. Na tarar da Buba a gindin wata tsamiya yana tufka igiya. Na cire hula na durƙusa, abin da ya yi shekara hamsin yana cewa in yi. Na ce na zalunce shi, ya yafe mini don Allah.

"Na yafe, Alhaji. Tun a ƙofar dagaci na yafe. Tashi, ƙasa da zafi."

Ya sa aka kawo mini nono a sabuwar ƙwarya, irin wadda ake ba baƙo. Na roƙe shi ya dawo, ya ce dabbobi sun saba da nan. Amma da kaka ya turo 'ya'yansa da rabin garken. Na tumɓuke inabin ban da layi ɗaya, na ƙarshe kafin filin gabas da ban dasa ba, na toshe rijiyar burtsatsen, na yashe tsohuwar rijiyar da babana ya haƙa a bakin gonar, na kwance wayar. Muka shiga jinyar ƙasa: shanu da rani, wake da gyaɗa da damina, kara da ganye a bar su su ruɓe inda suka faɗi. Na dasa gawo biyar, waɗanda ba zan ga girmansu ba.

To ga laifina na biyu, wanda ya fi na farko, kuma shi ne dalilin wannan rubutu. A gaban jama'a na tozarta Buba, amma a gindin tsamiya na ba shi haƙuri, daga ni sai shi. Ban koma ƙofar dagaci na ce na yi ƙarya ba. Da mutane suka ga shanunsa a gonata sai suka ce Alhaji Modu mai haƙuri ne, ya yafe wa wanda ya cuce shi. Na ji da kunnena, na yi shiru, har wani daɗi-daɗi na ji. Innarku da Zainab sun sani, na ce su bar maganar a gida. Ku kuwa kuna ƙanana ko kuna makaranta, abin da gari ya faɗa shi kuka ɗauka. Kullum ina cewa sai Juma'a mai zuwa zan tashi a masallaci, Juma'ar ba ta zo ba.

A damina ta biyar na sa fartanya a gefen gabas, sai ga tana, ƙatuwa, tana murɗawa a cikin baƙar ƙasa. Na yi kabbara ni kaɗai. Na ɗebe ta da ƙasarta a cikin hulata na hau babur har Ajingi. Na tarar da Buba a kwance, ciwo ya cinye shi. Na buɗe hular a gabansa. A raina ina roƙon Allah ya sa ya ce Babarbare ya rasa abin gaishe da ubangidansa sai tsutsa. Ya daɗe yana kallo. Na ga gefen bakinsa ya motsa, wallahi na gani, maganar ta zo har leɓe. Sai ya haɗiye ta.

"Ƙasa ta warke. Allah ya ƙara albarka, Alhaji."

Bai kai kaka ba ya rasu. Ranar sadakar uku matarsa ta sa aka kira ni bayan bukka. Ta tsufa ƙwarai, tana magana tana kallon ƙasa.

"Kullum yaran nan suka dawo daga gonarka sai ya tambaye su. Ba ya cewa Alhaji. Cewa yake, yaya bawan nan nawa, ƙasar tasa ta fara numfashi?"

Ban san lokacin da na fashe da kuka ba, a gaban mata da yara. Ashe bai jefar da sunan ba. Ni ne bai ƙara yarda ya ba ni shi a hannu ba, kuma da gaskiyarsa.

Saboda haka ku ji, ku gaya wa 'ya'yanku. Babu wanda ya yi wa gonata asiri. Ruwan da na haƙo da takin da na zuba da girman kaina su suka ƙone ta, shanun Buba kuma su suka tashe ta. Inabin layin gabas da kuke ci duk shekara, da ruwan tsohuwar rijiyar babana ake ba shi, a kan kashin shanunsu yake tsaye. Ko bayan raina, wanda ya sa wa gonar nan ƙofa ya hana 'ya'yan Buba shiga da kaka, ban yafe masa ba.

Na riga na aika wa dagaci, na aika wa 'ya'yan Buba, na sa a yi shela a majalisa. Ranar Juma'a bayan an sauko, Zainab za ta ba Kabiru waɗannan shafuka ya karanta da ƙarfi a ƙofar gidan dagaci, tun daga farko har nan. Ina so dukanku ku zo, har da wanda ya ba baƙi labari. Kada kowa ya kawo mini kujera. Zan cire takalmana in tsaya a rana, daidai inda Buba ya tsaya.